Karfatar Mamaci

Ya ɗan'uwana mai karatu, kafin in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami, bari in yi maka wata tambaya, kada kuwa ka yi garajen amsawa. Idan mutum ya cika, aka wanke shi, aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa, aka biya bashin da ake bin sa, aka raba gado kowa ya kama gabansa, shin akwai sauran abin da shi yake bin mu? Ban ce addu'a ba, wannan ba mai musun ta. Ina nufin wani haƙƙi na nan duniya, irin wanda ake ɗauka a hannu a kai. Wannan tambaya ba a aji na tsince ta ba. A tsakar gidanmu ta taso, ranar Babbar Sallar 2024, a kan ƙafar rago guda, har ta kusa shiga tsakanin mahaifina da ƙanensa.

Ni mutumin Illela ne, wadda ke bakin iyaka, fiye da kilomita 80 arewa da Sakkwato. Ba Illelar Adar ta cikin Nijar ba, tamu mai kasuwar Lahadi. Daga garinmu zuwa Birnin Ƙwanni mai kabu-kabu ba ya gama ba ka labari guda kun isa. Turawan Ingila da na Faransa su suka ja layi tsakaninmu, suka yi ta gyara shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan Tilho da O'Shee suka bi daji suna kafa alamomi har zuwa 1908. To, amma zomo bai san an yi haka ba, mai bin zomo kuwa bai damu ba. In ka wuce Ƙwanni ka nufi arewa maso gabas, ƙasa sai ta fara tashi, duwatsu baƙaƙe da kwazazzabai, har ka shiga Adar sosai. Ta can kwarin Maggiya ya gangaro ya zube a tafkin Kalmalo da ke wajenmu. Cikin waɗannan duwatsu kakana ya ƙare ƙuruciyarsa.

Kakana mahalbi ne, watau ba ɗan farautar gayya kurum ba. Da bambanci. 'Yan farauta su ne waɗanda ke fita rundunarsu bayan an kau da amfanin gona, da karnuka da sanduna da kere da makaɗa, a tashi zomo a bi shi da ihu. Mahalbi kuwa shi kaɗai ne, ko su biyu, da kwari da baka da kibiya mai dafin kwankwani, daga baya bindigar toka, ya kwana uku bai yi magana da ƙarfi ba. Amma duk da haka a wurin farautar gayya ya gamu da mutumin da ya zama amininsa, gamuwar kuwa da faɗa ta fara. An tashi gada, kakana ya jefe ta da kere ta yi tuntuɓe, karen wani saurayi daga wani ƙauye na ƙetaren iyaka ya danne ta. Wannan ya ce tasa ce, wancan ya ce tasa ce, har an zare wuƙaƙe, don dukansu suna taƙama da tauri. Sai wani dattijo cikin manyan dawa ya raba gardama, ya ce wanda ya fara jifa shi ke da nama, mai kare kuwa a cire masa karfata, watau ƙafar gaba haɗe da allon kafaɗa. Saurayin ya karɓa yana huci. Tun daga ranar duk inda suka haɗu kakana sai ya tsokane shi, ya ce, "Kai dai rabonka karhwata." Wasa-wasa har suka koma fita tare, abin tsokana kuma ya zama doka: kome kakana ya kashe, ko abokin yana wurin ko ba ya nan, karfata tasa ce. A gidanmu Baban Ƙetare ake ce da shi, matarsa kuwa Inna ta Ƙetare.

Ina so mai karatu ya dubi irin wannan abota da kyau, domin ba irin tamu ta ɗakin kwanan ɗalibai ba ce, wadda ake ƙullawa a kan aron littafi, a kwance ta ranar da aka kafe sakamako. Aristotal na Girka ya kasa abota uku, ta amfani da ta jin daɗi da ta nagarta, ya kuma ɗauki ta farko a kan mafi rauni. Da ya taɓa kwana a dawa da ya sassauta. Abotar mahalba daga amfani take farawa, ba wani ɓoye-ɓoye: ina bukatar wanda zai tsare mini wancan bakin kwazazzabo. Amma mutumin da kuka sha ruwan gora guda har ya ƙare, wanda ya ga ranar da gwiwarka ta yi rawa da kura ta yi kuka kusa, ya dawo gari bai faɗa wa kowa ba har ya mutu, ai ya wuce abokin amfani. Hausawa sun ce abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa. Kakana ya taɓa gaya mini cewa sukan yini ba su yi kalma goma ba. Na ce, to me ke cikin abotar? Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Ku 'yan boko, in ba ku yi surutu ba, ba ku san kuna tare ba."

Akwai mutum na uku a cikin labarin, shi ne kuwa tushen wahalar. Mahaifin Baban Ƙetare Azne ne, bai taɓa sa goshinsa ƙasa ba har ya koma. Wanda ya san ƙasar Ƙwanni ya san wannan ba abin mamaki ba ne; ga Masalata nan kusa da birnin, wadda ta shahara da arwar da Aznanta ke yi don duba abin da shekara za ta zo da shi. Irin waɗannan mutane su ke da buɗar daji, bikin da in ba a yi shi ba ba mai shiga dawa da makami, wanda Bafaranshen nan Guy Nicolas ya yi rubutu a kan irinsa a kwarin Maraɗi. Ɗan ya musulunta tun yana saurayi, amma sanin dawa daga uban ya samo shi, kakana kuma ya zauna gaban tsohon kamar almajiri. Shi ya koya musu kada a shiga daji kafin a buɗe shi, kada a harbi mai ciki ko mai shayarwa, kada a kashe abin da ba za a iya ɗauka ba, kada a bar dabba da kibiya a jiki a koma gida. Kowace doka kuwa da dalilinta a wurinsa, dalilin kuma ɗaya ne: Uwar Dawa za ta yi fushi. Ka ga ke nan hikima da tsafi a ƙwarya guda aka dama su aka miƙa wa kakana.

Baban Ƙetare ya rasu tun ba a haife ni ba, a wani rani bayan farin 1984. Suna cikin duwatsu, yini guda daga gari, ya sa hannu zai dafa dutse, kububuwa ta sare shi. Kakana ya ɗaure hannun, ya yi duk abin da ya sani na magani, sa'an nan ya goya shi. Ya ce tun hantsi yake tafe da shi har rana ta karkata, jini na fita ta dasashinsa, yana ta ba shi haƙuri kan nauyi. Kafin su kai wata 'yar tunga rai ya yi halinsa. Mutanen tungar suka taimaka aka yi masa sutura aka sallace shi, aka binne shi nan gindin dutse, domin zafi ba zai bari a kai shi gida ba. Ƙasar wurin ba ta haƙuwa da zurfi, saboda haka suka tara duwatsu a kai don kada kura ta tone.

Daga nan kakana ya ɗauki abu uku bai sake su ba. Duk sa'ad da ya bi ta wurin sai ya ƙara dutse guda a kan kushewar. Duk sa'ad da aka yi taron mahalba aka kaɗa masa ganga ya tashi yin kirari, sai ya fara da na abokinsa kafin nasa. Na uku kuwa karfata, wadda bai fasa aikawa gidan Inna ba. Sai dai dawa ta yi ta mutuwa a hannunsu. Farin 1973 da na 1984 sun ci nasu, gonaki suka cinye saura, bindiga ta yi yawa, tafkin Kalmalo ma ya zama sai shekarar da ruwa ya yi yawa. Barewa ta zama labari. Da abin harbi ya ƙare, ƙafa kuma ta gaza, sai tsoho ya mai da abin kan ragon layya. Na tashi na tarar kowace Babbar Sallah, da an feɗe rago, kafin a taɓa ko hanta, yakan nuna da sandarsa ya ce, "Wagga ba taku ta ba, ta mutanen ƙetare ta." A naɗe ta a kai.

Allah ya yi masa rasuwa a ƙarshen 2023, lokacin iyaka tana rufe saboda juyin mulkin da aka yi a Nijar cikin Yulin shekarar. Duk da haka babban ɗan Baban Ƙetare ya biyo ta cikin gonaki da ƙafa ya zo ta'aziyya. Da Sallah ta zo, an riga an buɗe iyaka tun Maris, aka kayar da rago, mahaifina ya ce a cire karfata. Nan Baffana ya ce a dakata. Kada mai karatu ya zaci wani mai tsaurin kai ne marar tausayi. Mutum ne mai karatu, shi ya yi jinyar tsohon, shi ya fi kowa kuka. Ga abin da ya ce, iyakar yadda zan iya kawo shi da adalci. Ya ce sadaka ba mai hana ta, in ana so a kai wa Inna rago sukutum shi zai saya. Abin da ba ya so shi ne a ware wata gaɓa ayyananniya, a rana ayyananniya, da sunan wani mamaci, har a ji tsoron fasawa, domin haka kowace al'adar tsafi ta faro. Ya ce kason dawa ne aka sa wa rigar layya. Sa'an nan ya faɗi abin da ya sa tsakar gida ta yi tsit. Ya ce yana yaro ya taɓa raka tsohon cikin duwatsu, ya gan shi ya ɗora dutse a kan kushewar, ya kuma ji da kunnensa yana cewa, "Abokina, ka ba mu sa'a yau." Ya ce, "Yaya, wa ke ba da sa'a? Ni ina roƙa wa Baba gafarar wannan kalma kullum, ba kuwa zan gina a kanta ba."

Mahaifina ba mai dogon zance ba ne. Abin da ya ce kurum shi ne, shi ba zai zama wanda karfata ta tsaya a hannunsa ba.

Wannan gardama fa ba a gidanmu aka fara ta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka a kan masu kiran kansu Musulmi suna girmama itatuwa da duwatsu da yanka. Shehu Laminu na Barno kuma, cikin wasiƙun da suka yi musaya da Muhammadu Bello, waɗanda Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri, ya yi jayayya cewa irin waɗannan ayyuka saɓo ne da jahilci, ba su kai a kafirta mutum ba, har ya kawo misalin wata itaciya da ake girmamawa a Dimyaɗ ta ƙasar Masar. Shekara ɗari biyu ke nan da wani abu. Ashe abin da manya suka yi ta rubuce-rubuce a kansa shi ne ya biyo mu har gindin turmi.

Da na dawo makaranta na ba wani abokin ɗakina labari, mai karatun falsafa, ina tsammanin zai goyi bayan mahaifina. Sai ya ɓullo ta wata kafa. Ya ce duk ku biyun kun ɓata. Bashi sai da mai bi. Wanda ya mutu ba ya jin yunwa, ba ya jin an manta da shi, ba ka iya cutar sa, ba ka iya yi masa alheri da ƙafar rago. Ya ce tun zamanin Afiƙurus aka gama wannan magana. Abin da kuke kira haƙƙin mamaci, in ji shi, lallashin zuciyarku ne kurum. In don tsohuwar ne, ku ba ta don tana da bukata, amma fa in bukata ce ma'auni, akwai zawarawa a bayan gidanku da suka fi ta, ba sai kun tsallaka iyaka ba.

Na daɗe ina juya maganganun nan biyu, na kuma lura da wani abu: Baffa da abokina, duk da nisan da ke tsakaninsu, wuri guda suka sa yatsa. Dukansu sun yarda a ba Inna nama. Abin da suke so a cire shi ne sunan mamacin. Ni kuwa a ganina in aka cire sunan, naman ba zai taɓa isa ba. Mu faɗa wa juna gaskiya. Wa zai hau babur ranar Sallah, cikin rana, ya bi shingayen jami'ai, don ya kai wa wata tsohuwa da ba danginsa ba nama, saboda son alheri kawai? Shekara guda za a yi, ta biyu a ce an aika da kuɗi, ta uku a ce ai Allah ya ga zuciya. Alheri ga kowa da kowa abu ne mai daɗin faɗi, amma ba shi da ƙofar gida. Mamacin shi ne ƙofar gidan. Shi ya sa naman ya san inda za shi. Abokina ya yi gaskiya da ya ce Baban Ƙetare ba ya cin karfata. Sai dai ya manta cewa alkawari ba ya mutuwa don wanda aka yi wa ya mutu, in dai ya bar waɗanda dominsu ya karɓi alkawarin. Mahalbi bai taɓa cin karfatarsa a dawa ba, gida yake kai ta. Tun yana da rai ma ta Inna ce.

Baffa kuwa da littafinsa zan amsa masa, cikin ladabi. Ya fi ni sanin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yanka akuya ya yanyanka ta ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta, har Nana A'isha ta riƙa jin kishi. Nama ne, da sunan mamaciya, zuwa ga mutanen da take so. Ya kuma san labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda ya gamu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Da aka ce masa ai ɗan abu kaɗan ya ishi irin waɗannan, sai ya ce mahaifin mutumin masoyin Umar ne, ya kuma ji daga Annabi cewa sada zumunci da masoyan uba yana cikin mafificin biyayya. To, in ɗa ya riƙe gidan aminin ubansa, ina tsafi a nan? Ragon da sunan Allah aka yanka shi, ba a zuba jini a kan dutse ba, ba a roƙi kowa kome ba. Inda na sallama wa Baffa shi ne kalmar nan ta neman sa'a. Wannan kuskure ne, ko da a ce tsohon ya faɗe ta ne irin ta saba-da-baki, kamar yadda mutum ke yi wa abokinsa magana don ya kasa yarda ba ya nan. Dutsen farko don kura aka sa shi. Na ɗari kuwa, Allah kaɗai ya san don me aka sa shi, ni dai ba zan ƙara ba. Amma don an sami tsakuwa a cikin tuwo ba a zubar da tukunya.

Saura tsohon Azne, wanda ba wanda ya ambace shi ranar, alhali kuwa inuwarsa ce kowa ke gudu. Me ke tsakanina da shi? Ba zan nema masa gafara ba, Alƙur'ani ya rufe wannan ƙofa cikin Suratut Tauba. Amma ko hana nema masa gafara yana nufin in goge shi? Muɗ'imu ɗan Adiyyu ya mutu bai musulunta ba, shi ne kuwa ya ba Annabi kariya ya shiga Makka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa. Bayan yaƙin Badar Annabi ya nuna cewa da mutumin yana da rai ya nemi a saki fursunoni, da an sake su saboda shi. Ba a ce addininsa daidai ne ba, ba a kuwa ce alherinsa bai faru ba. Mu fa a nan ƙasar kusan kowa in ya tona baya da nisa zai tarar da wanda bai yi salla ba, sai dai mun ƙware wajen yanke salsala daidai inda ta fara ba mu kunya. Ni ina ganin tsohon nan yana bin mu gaskiya. Ya ce kada a harbi mai ciki. Dalilinsa na Uwar Dawa na bar masa, amma dokar tasa daidai ce, ranar da aka daina tsoron Uwar Dawa kuma ba a sa tsoron Allah a gurbin ba, sai aka bar dawa ba mai tsaro. Risala ta karhanta farautar wasa, mun karanta mun wuce. Je ka duwatsun yau ka ƙirga barewa.

Gaskiyar nan kuwa kaifi biyu gare ta, shi ya sa kirari ya fi ba ni wuya cikin abubuwan nan uku. Kirari ba ya faɗin faɗuwa. A cikinsa mahalbi bai taɓa kuskure ba, bai taɓa gudu ba. Alhali kakana da bakinsa ya gaya mini cewa a shekarar yunwa su biyun sun harbi barewa suna sane tana da ciki, suka farke ta suka ga ɗan, ba su kuma taɓa tayar da zancen a tsakaninsu ba. Su ma suna cikin waɗanda suka cinye dawa. In na girmama su da ƙarya, wasu mutane na girmama, ba su ba. Yarabawa suna da iremoje, waƙoƙin makokin da mafarauta ke yi wa ɗan'uwansu don sallamar sa, Bade Ajuwon ya yi littafi a kansu a 1982. Mu jana'izarmu ba ta da waƙa, shiru ce da gaggawa, ina kuwa zaton shi ya sa baƙin cikin kakana ya nemi wata hanya ya bi ta ƙafar rago. A nan sai in juyo kanmu, mu 'yan Sashen Hausa. Kowace shekara muna ɗaukar waya mu tafi ƙauye, mu durƙusa gaban tsoho, ya zazzage mana kirarinsa da na matattun abokansa, mu ba shi kuɗin goro, mu dawo mu rarraba shi zuwa jigo da salo da zubi, a ba mu maki. Mu nawa ne muka koma da aka ce ya rasu? Ni kaina na ɗauki muryar kakana sau huɗu, tana nan cikin wayata, niyyata kuwa kundin digiri. Ban taɓa tunanin in kai wa Inna ta ji kirarin mijinta ba sai da wannan rigima ta tashi.

Kada kuma a ce zancen mutanen da ne. A ƙarshen Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa gida Kano yin Ƙaramar Salla, aka ga bindigoginsu na toka aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16. An yi ta'aziyya, gwamnan Edo ya zo Kano, mu kuma muka yi ta zuba fushi a waya kwana bakwai. Kowane ɗaya cikinsu yana da abokin dawa da ya tsira ko ya zauna gida, yana kuma da wata Inna. Abin da nake so in sani shi ne wanda zai buga ƙofarta a Salla ta goma.

Bari in koma tsakar gidanmu. Ba wanda ya kayar da wani a gardamar. Mahaifina ya tashi ya shiga ɗaki, Baffa ya zauna shiru yana wasa wuƙa. Can sai ya jawo ragon, ya cire karfatar da kansa, domin duk gidan ba wanda ya kai shi iya fiɗa, ya naɗe ta cikin takardar buhun siminti ya miƙo mini. Ya ce, "Ka ce mata sadaka ce." Na ce to, Baffa. Na hau kabu-kabu.

Na tarar da ita zaune a kan tabarma bakin ɗaki, idanu sun yi hazo. Na durƙusa na gai da ta, na faɗi ko ni wane ne. Ta ce, "Marhabin da maigida! Kai anka aiko?" Ta shafa ƙunshin, ta bi ƙashin da yatsa tun daga allo har ƙasa, ta yi shiru. Sa'an nan ta ce, "Da ni ji tsohon ya tahi, cewa ni yi ta ƙare." Saƙon Baffa yana bakina, na kasa fitar da shi, har yau kuwa ban gaya masa ban isar ba. Na kunna mata muryar kakana. Da ya kai kan kirarin mijinta sai ta ɗaga hannu ta ce in tsaya, ta gyara wata kalma da ta ce tsohon ya daɗe yana faɗin ta ba daidai ba. Ta sa aka ɗauro mini albasa da kuka.

Inna ta rasu da hunturun da ya biyo baya. Babban ɗanta kuma ya tafi ci-rani Agadas da iyalinsa. Da Sallar 2025 ta zo ba wanda ya yi gardama, ba kuma wanda ya ce kome. Aka feɗe rago, kowa yana satar kallon kowa. Baffa ya cire karfata ya ajiye gefe guda, bai naɗe ba, bai kuma sa ta cikin sauran nama ba. Ni na nemo takarda.

Gidan na nan yadda na bar shi, sai dai an toshe ƙofar ɗakinta da tubali. Na yi sallama sau uku. Wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya leƙo, jikan wani ƙanen mijinta ne, bai san ni ba, ni ma ban san shi ba. Ya dubi ƙunshin, ya dube ni, ya ce, "Daga wa? A ce na wa?" Na faɗi sunan kakana, bai gane ba. Na faɗi sunan Baban Ƙetare na yanka, ya ce ai sunansa ke nan, shi aka mayar wa. Na ce to, riƙe da hannu biyu, tana da nauyi. Ya karɓa ya ruga ciki yana kiran uwarsa, ni kuwa na tsaya a zaure ina jiran a ce in shigo.